Neman kalmar Hausa: me za mu kira waƙoƙin min'yō na arewacin Japan?

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. Kalmar da ke gabanmu yau ta Japananci ce, min'yō. Gutsure biyu ne a cikinta: min, wato jama'a, da yō, wato waƙa. Da ita ake kiran waƙoƙin masunta da manoma da masu jirgin kogi da masu kora shanu. Ko'ina a Japan akwai su, amma arewa ta fi suna da su: Aomori, Iwate, Akita, Miyagi, Yamagata, Fukushima, sai tsibirin Hokkaido. Da yawa daga cikinsu suna yabon dutsen garinsu, da koginsu, da ƙanƙararsu, da mutanensu. Fassara uku na gani ana yi: waƙar gargajiya, waƙar jama'a, waƙar ƙauye. Ko ɗaya ba ta kwanta mini ba. A taimaka.

Malam Na-Ƙamus: Wa alaikumus salam. Kafin ma'ana, mu gyara rubutu. Waƙafin saman da ke tsakanin n da y, an sa shi ne don kada a karanta mi-nyo. A wurinmu kuwa 'y baƙi ne mai zaman kansa, irin na 'ya'ya, don haka Bahaushe zai maƙale maƙogwaro a inda babu maƙalewa. A cire shi, a rubuta minyo. Mu dama ba ma fara gaɓa da ny, bakin mai karatu da kansa zai raba min da yo. A ja wasalin ƙarshe kaɗan.

"Waƙar gargajiya" kuma ta yi faɗi. Kiɗan fadar sarkin Japan, gagaku, gargajiya ne, ya haura shekara 1,000. Rerawar wasan kwaikwayonsu da ake kira no ma gargajiya ce. Babu Bajapanen da zai kira ɗayansu minyo.

Malama Ta-Adabi: Malam ya yi gaskiya. "Waƙar jama'a" ita ce fassarar kai tsaye, amma gurbin yana da mai shi. A nazarin waƙar baka muna da makaɗan fada, da makaɗan sana'a, da makaɗan jama'a, kuma na ƙarshen nan mutane ne sanannu masu yi wa kowa waƙa, irin su Mamman Shata. Ɗalibi ya ga "waƙar jama'a", can hankalinsa zai tafi. Su ma Japanawan ba su daɗe da kalmar ba. A ƙarshen ƙarni na 19 masana suka ɗauko ta don fassara kalmar Jamusanci Volkslied. Mutumin da ke jan koma uta kawai yake cewa, wato waƙa.

"Waƙar ƙauye" a ajiye ta, akwai raini a ciki.

Ɗan Gurmi: To me zai hana mu ce waƙar aiki? Ku duba Soran Bushi ta Hokkaido. Ta masu kamun nishin ce, wani kifin teku da kan zo gaɓa da yawan gaske a farkon ɗumi. Ba lokacin tuƙi ake yin ta ba. Sai an tara kifin a babbar koma, mutane su tsaya da wata ƙatuwar homa mai doguwar ƙota suna kwasowa zuwa cikin jirgi. Mai waƙa ya ba da baiti, a huta, a yi ihu tare, a ɗaga. Wanda ya riga ihun ɗagawa, nauyin a kansa zai sauka. Hanagasa Ondo ta Yamagata kuwa daga waƙar daɓe ta fito, ta ma'aikatan da suka daddaɓe bangon tafkin Tokura a Obanazawa wajen 1920. Wannan ai namu ne sak, daɓe da daka da niƙa.

Malama Ta-Adabi: Asali kam haka ne, Malam Ɗan Gurmi, amma aikin ya mutu waƙar ta rayu. Nishin ya ƙaurace wa gaɓar Hokkaido a tsakiyar shekarun 1950. Yau yaran makaranta ke rawar Soran. Hanagasa ta koma bikin titi a birnin Yamagata, 5 zuwa 7 ga Agusta, da malafuna masu jajayen furanni. Ga kuma waƙoƙin shagali da na rawar Bon, bikin tunawa da magabata, waɗanda ba su taɓa zama na aiki ba. Waƙar aiki reshe ce, ba gindi ba.

Abin da bai mutu ba shi ne wuri. Ku lura da sunayen: Tsugaru Jongara Bushi, Esashi Oiwake, Akita Obako, Aizu Bandaisan, Nanbu Ushioi Uta. Kowacce da sunan gari ko ƙasa take farawa. Suna da kalma ma, okuni jiman, tinƙaho da garinku. Sanannen baitin buɗe Jongara da wannan tinƙahon yake farawa, a wasu baitocin kuma a ambaci tuffa da Dutsen Iwaki mai tsawon mita 1,625, wanda mutanen birnin Hirosaki ke kira Dutsen Fuji na yankin Tsugaru. Ta Aizu tana kiran Dutsen Bandai dutsen dukiya. Ni ina ba da shawarar waƙar yanki.

Malam Na-Ƙamus: Na so in ce waƙar gado, sai na tuna da waƙar jirgin Kogin Mogami. Kowa minyo yake kiranta, alhali a shekarun 1930 aka tsara ta, aka ɗora a kan kiraye-kirayen matuƙan da ke kai shinkafa tashar Sakata. A shekarun 1920 da 1930 ma garuruwa sun riƙa biyan marubuta su yi musu sababbi don jawo baƙi, ana ce musu shin-minyo. Gado bai rufe waɗannan ba, yanki ya rufe. "Waƙar ƙasa" kada a ko fara, za a ɗauka taken ƙasa ne.

Ɗan Gurmi: Na karɓi yanki, amma da sharaɗi. Esashi Oiwake baƙuwa ce a Esashi. Waƙar masu jan dawaki ce ta Oiwake, can tsaunukan Nagano, ta gangara gaɓa, jiragen fatake suka haura da ita arewa. A Esashi ta samu kamannin da take da shi. Don haka in mun ce yanki, a fahimci wanda ya rene ta, ba lallai wanda ya haife ta ba.

Kuma kada mai fassara ya ɗauka abu ne na kowa ya buɗe baki ya yi. Babban baitinta gaɓa 26 ne kacal, 7-7-7-5, amma rera shi ya fi minti 2. An raba shi sashe 7, kowane da numfashi guda. Babu ganga, babu bugun da za a bi, sarewar gora, shakuhachi, tana bin murya a baya. Mutum ɗaya na gefe yana jefa "soi" a gaɓoɓin da aka sani. Inda ake faɗuwa shi ne lanƙwasar murya, kobushi: mai koyo yakan zuba iskarsa a lanƙwasar farko, kafin ya kai ƙarshen sashen ya yanke, ya saci numfashi, alƙalai kuma suna ji. Tun 1963 ake gasarta a Esashi, cikin Satumba.

Mai Fassara: Madalla. To wannan "soi" ɗin, da ihun "dokkoisho" na Soran, amshi za mu ce?

Malama Ta-Adabi: Amshinmu yakan maimaita magana mai ma'ana. Nasu sau da yawa sauti ne kawai, don haɗa ƙarfi ko ba mawaƙi sarari. Masu yin sa a ce 'yan amshi, ba laifi. Sautin kansa zuga ya fi dacewa da shi. Waƙar da yabon wuri ya fi yawa a cikinta kuma a ce waƙar kirarin gari, da "waƙar" a gaba, don kirari ba a rera shi.

Ɗan Gurmi: Shamisen, abin kiɗan da ke raka da yawa daga waƙoƙin nan, a bar shi da sunansa. Tsirkiya uku ce kamar molo, amma na Tsugaru wuyansa kauri gare shi, da faffaɗan makaɗi ake dukansa har ya taɓa fata, ya ba da ƙara kamar ganga. Makafi masu bi ƙofa-ƙofa, bosama, su suka raya salon, Takahashi Chikuzan da ya rasu a 1998 ya kai shi manyan zauruka. A ce "mai kama da molo" sau ɗaya ya isa.

Mai Fassara: Na gode malamai. A ambaton farko zan rubuta "minyo, waƙar yanki ta Japan", daga nan sai waƙar yanki, jam'i waƙoƙin yanki.

Malam Na-Ƙamus: Allah ya taimaka. Sai dai in kin zo Hokkaido ki kula: waƙoƙin upopo da yukar na mutanen Ainu ne, 'yan asalin tsibirin, da harshensu daban ake yin su, ba sa shiga wannan kalmar. Su a buɗe musu tattaunawa tasu daban.