Consensus: maslaha ce, sasanci ne, ko ittifaƙi?

Jama'a, ku taya ni neman kalma. Duk kakar zaɓe sai kalmar Turancin nan consensus, wato tsayar da ɗan takara da yardar kowa ba tare da fafatawa ba, ta dawo kunnuwanmu, kowace kafar labarai da irin tata fassarar. Wata ta ce ɗan takarar maslaha, wata ta ce na sasanci.

Sasanci dai bai kwanta mini ba. Sai an ɓata ake sasantawa. Alhali mutum biyar na iya zama a zaure, ba wanda ya ɗaga murya, su tashi da magana guda.

Maslaha ce ta fi kama bakin mutane, musamman tun watan Maris na 2022 da Sanata Abdullahi Adamu ya zama shugaban APC bayan sauran masu neman kujerar sun janye masa. Amma maslaha amfani take nufi, abin da zai gyara al'amari. Tana faɗin dalilin yin abu, ba ta faɗin wa da wa suka yarda. Shi ya sa babba zai tara mutane da tsakar dare, ya zaro takarda daga aljihu ya karanta suna ɗaya, gari na wayewa a ce an yi maslaha. Wannan kuwa tuntuni muna da sunansa: ɗauki-ɗora.

Ku duba abin da sashe na 84 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya tanada a wancan lokacin. Sai kowane mai neman takara da aka tantance ya rubuta cewa don ransa ya janye, kuma ya goyi bayan wanda aka tsayar. Mutum ɗaya ya ƙi sa hannu, a koma 'yar tinƙe ko zaɓen daliget. Ke nan yardar kowa ce ginshiƙin maganar.

Wani bawan Allah ya rubuto mini ijma'i. Allah gafarta Malam, ma'ana ta zauna daram, sai dai ijma'i hujja ce ta malaman fiƙihu bayan Alƙur'ani da Sunna. Ba zan so ganin ta jikin fosta ba.

Wanda ya ce haɗa baki kuma, rufa mana asiri. Ɓarayi ke haɗa baki.

Ni ittifaƙi na zaɓa. Ɗan takarar ittifaƙi, an yi ittifaƙi a kan wane. A hira kuwa ba sai mun wahala ba, bakinsu ya zo ɗaya ta wadatar. Abin da ya rage mini shi ne ko mai sauraron rediyo a ƙauye zai gane ittifaƙi ba tare da an yi masa bayani ba. 'Yan jarida, ku da kuke karanta labarai kullum, me kuka gani?