Hasken arewa: in je Tromso ko in sayo wayoyi da kuɗin?

Ɗan Circle:
Salam alaikum jama'a, shawara nake nema. Watan Fabrairu in Allah ya yarda zan je Hamburg a Jamus wajen yayana, biza ta fito ta sati uku. Ɗansa ya matsa min wai mu hau jirgi zuwa Tromso a Norway mu kalli hasken nan kore da ja da ke rawa a sama da dare, wai yanzu ne lokacinsa tunda rana na ta aman wuta. Yuro 700 na ware, kuma da niyyata in sayo wayoyi na hannu in zuba a shago, amma wallahi raina na son ganin abin nan. Kwana uku ya isa a gani? kuma dole sai an biya masu kai mutane daji da mota? Wanda ya taɓa zuwa don Allah ya yi magana.

Hajiyar Manchester:
Ni ko kwabo ban kashe ba. Daren Juma'a 10 ga Mayun 2024 maƙwabciyata ta buga min ƙofa, na zura hijabi na fita bayan gida, sama duk ta yi ruwan hoda. Da ido sama-sama ake gani, sai da 'yata ta ɗaga waya ta ɗauka sannan launin ya fito rangaɗau. Tasbihi kawai nake yi.

Mai Shayi Nima:
Ka bari sai Yuni mana ɗan'uwa, lokacin babu sanyi.

Malam Aboabo:
Mai Shayi, a Yuni rana ba ta faɗuwa a Tromso, ina duhun da za a ga haske? Daga Satumba zuwa Maris ake zuwa, Fabrairu daidai ne. Abin da Hajiya ta gani kuma ba na kullum ba ne, guguwar rana ce da rabon a ga irinta tun 2003, har Mexico da Ladakh a Indiya sun gani. Rana na da zagaye na wajen shekara 11, a Oktoban 2024 NASA da NOAA, hukumomin Amurka masu lura da sararin samaniya da yanayi, suka ce ta kai ganiya. In ta yi aman nan, walƙiyar minti 8 ta iso mu, amma ƙurar da ta watso mai ɗauke da caji sai kwana ɗaya zuwa uku, maganaɗisun duniya ya ja ta can ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta bugi oksijin a sama, kore ya fito, in can ƙololuwa ne ja. To ka ga ba wanda zai iya faɗa maka daga yau daren kaza za ta yi ƙarfi. Amma Tromso na digiri 69 ne arewa da layin tsakiyar duniya, mu Ankara ta Ghana 5 da ɗoriya, su can ko rana ba ta yi wani aman kirki ba suna gani. Matsalarka gajimare ne.

Baban Zainab:
Gajimare! Ɗana saurare ni. Ni da kuɗin susu, wato adashi, na tafi, wani ejan a nan garin ya haɗa mana tafiya Rovaniemi a Finland ni da matata, ya rantse min gani tabbas ne, in ba mu gani ba a mayar mana da rabi. Duk daren da muka yi a garin nan sai a kwashe mu a bas wajen goman dare a kai mu bakin wani tafki da ya daskare, mu tsaya mu ɗaga kai, ba tauraro ko ɗaya. Takalmin da na sayo a kasuwar Kantamanto ashe ba na irin wannan sanyin ba ne, yatsuna suka mutu ban ji su, matata na kuka a cikin bas tana cewa Alhaji mu koma gida. Suna gasa sosej muka tambaya na alade ne, sai ruwan zafi mai zaƙi a kofin takarda muka sha. Daren ƙarshe direban ya ciro waya yana nuna mana hoton da ya ɗauka makon jiya. Na dawo ejan ya daina ɗaga wayata, har ofis na bi shi ya ce ai Allah ke da sama. Har yau matata ba ta son a tayar da maganar. Ka sayo wayoyinka.

Yarinyar Madina:
Subhanallah Baba, Allah ya mayar da alheri. Amma nawa ake biyan motar? ƙawata ta ce Yuro 90 ta biya a Tromso.

Borga na Oslo:
90 a ina? Ni 180 na biya, ƙaramar mota, har iyakar Finland suka kai mu don a guje wa gajimare kuma mun gani, sun ba mu rigar sanyi da takalmi. 700 ɗinka jirgi da ɗaki kaɗai za su cinye, Norway ba Jamus ba ce.

Hajiyar Manchester:
Ɗan ƙanwata bas ɗin gari kawai ya hau ya fita inda babu fitilu, ya gani kyauta.

Baban Zainab:
Kowa ƙawata, ɗan ƙanwata. Malam kai ma a littafi ka karanta, ka taɓa tsayawa cikin ƙanƙara?

Malam Aboabo:
Ban taɓa ba Alhaji, kuma ban ƙaryata ka ba. Amma ejan ne ya cuce ka da alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba.

Borga na Oslo:
To ni na tsaya Alhaji, kuma na gani, sai a ji tawa ko?

Mai Shayi Nima:
Don Allah ku rage murya, in masu wuta suka ji labarin guguwar rana gobe in an yi dumsor, wato an ɗauke wuta, za su ce ita ce 😂

Malam Aboabo:
Ai ta taɓa yi da gaske, Maris 1989 ta kashe wutar Quebec a Kanada awa tara. A Fabrairun 2022 ma taurarin ɗan'adam na Starlink masu ba da intanet wajen 40 ta kakkaɓo.

Yarinyar Madina:
Ni abin da ke ci min rai biza ne. Ɗan Circle ka gode wa Allah taka ta fito. Yuro 90 na biya ban da kuɗin masu karɓar takardu da inshora da hoto, aka dawo min da fasfo da 'yar takarda wai ba su gamsu zan dawo ba, ina da shago ina da yara biyu a makaranta, kuma ko sidi ɗaya ba a mayarwa.

Baban Zainab:
Haka aka yi wa ƙanena, takardun fili ma ya kai musu.

Ɗan Circle:
Na gode ƙwarai jama'a. Borga in na ƙara kwana ɗaya na kwana a ɗakin haɗaka fa, 700 ɗin zai kai?

Yarinyar Madina:
Wai Ɗan Circle kai da kanka ka cike fom ɗin ko ejan ka ba? takardar banki ta wata nawa ka kai musu?