Motar MGB ta 1972 tana mutuwa a kan gargada: makunni ne ko koyil?

Mai Jar MGB:
Assalamu alaikum. Ina zaune a Ingila, kuma ina da MGB ƙirar 1972, irin wadda aka haɗa a masana'antar Abingdon. Wata biyu ke nan tana mutuwa ina cikin tafiya, musamman idan na hau gargada, amma da zarar na ɗan girgiza makulli sai ta kama kamar babu abin da ya faru. Da safe kuma wani lokaci nakan murɗa har ƙarshe, sitata ta yi shiru, sai a karo na uku ko na huɗu ta amsa. Na canza filogi da kwantak, batir kuma yana da caji. Wani ya ce mini koyil ne, wato abin da ke ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa filogi, amma zuciyata ta fi karkata ga makunnin da ke bayan gidan makulli, wanda ke buɗe wutar mota idan an murɗa makulli. Yaya zan tabbatar kafin in sake kashe kuɗi?

Tsohon Rewaya:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayi koyil tukuna, domin koyil ba shi da hannu a shirun sitata, kuma girgiza makulli ba ya farfaɗo da koyil da ya lalace. Motar da kanta za ta gaya maka inda ciwon yake. Ranar da ta sake ɗaukewa, kafin ka taka kuloci, yayin da giya take ciki kuma inji yana juyawa, ka dubi jar fitilar caji. Idan ta kama a wannan lokacin, ga agogon mai ya fara sauka, sigina kuma ta daina aiki, to wuta ce ta yanke daga makunni. Dalili shi ne altaneta tana ci gaba da bayar da wuta a gefe ɗaya na fitilar, ɗaya gefen kuma ya rasa tasa. Idan fitilar ba ta kama ba, agogon juyin inji kaɗai ya faɗi, sai ka koma wajen koyil da kwantak.

A gida kuma ka auna da mitar auna wutar lantarki. Motocin Ingila na wancan zamani suna bin tsarin launi ɗaya: waya mai ruwan ƙasa tana kawo wuta daga batir a kowane lokaci, fara tana kai ta koyil da famfon mai idan an buɗe makulli, fara mai ratsin ja kuma ita ce ta tayar da sitata. Ka buɗe makulli, ka ɗora bakin mita ɗaya a kan ruwan ƙasa, ɗaya a kan fara, sannan ka motsa makullin a hankali. Makunni mai lafiya kusan sifili zai nuna. Idan ka ga rabin bolt ko fiye, ko lambar tana tsalle, tagullar cikinsa ta cinye.

Direban Asabar:
Ina goyon bayan Baba Rewaya, sai dai ina da ƙari. Tawa ta yi irin wannan, na zargi makunni, ashe bakin farar wayar ne ya saki a mahaɗar da ke ƙarƙashin sitiyari. Ka ciro mahaɗar ka duba ko akwai tsatsa ko alamar ƙuna. Ni dai na wanke tawa da maganin fesawa na lantarki, na matse bakunan, magana ta ƙare. Sannan ka rage tarin makullan da ke rataye, domin nauyinsu yana lilo yana cin gidan makulli.

Tsohon Rewaya:
Gaskiya ne, ɗan'uwa, a fara da mahaɗar. Amma idan ciwon yana cikin makunnin, ba na son a tsaya ga wanki, domin abin da ya yi shekara hamsin yana gogayya ba ya komawa sabo da feshi, kuma ƙonanniyar tagulla zafi take ƙarawa. Malam, ba sai ka cire kullen sitiyari gaba ɗaya ba, wanda aka ɗaure da kusoshin da kansu ke karyewa da gangan. Ɓangaren lantarkin yana fita shi kaɗai daga baya idan ka kwance ɗan ƙaramin sukurun da ke riƙe da shi. Kafin ka taɓa komai, ka cire wayar batir, wanda a motarka guda biyu ne masu bolt 6 a bayan kujeru, domin wayar ruwan ƙasa ba ta bi ta fis ba, kuma idan ta taɓa ƙarfe za ta narke nan take.

Mai Jar MGB:
Na gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Mahaɗar tana da tsabta, amma mita ta nuna fiye da bolt ɗaya tsakanin wayoyin biyu, kuma ina taɓa makulli famfon mai ya daina ƙaf-ƙaf ɗinsa. Na ɗauki hoton wayoyin kafin in cire, na kuma yi odar sabon makunni. Motar za ta zauna a gareji har ya iso.