Mercedes 190 ɗina tana ƙas-ƙas a saman inji

Sani, daga unguwar Ali Ɗan Sofo, Maradi: Assalamu alaikum. Motar marigayi babanmu ce, ba na son ta mutu a hannuna. Saman inji yana ƙas-ƙas, in ta yi zafi allurar man inji ta faɗi. Na yi bidanji, wato na canza man inji, ba ta daina ba.

Malam Issa makaniki: Wa alaikumus salam. Aje ta tukuna, ɗana. Cire murfin sama, ka tada ta kaɗan. In mai bai iso arbarakam ba, wato dogon ƙarfen da ke juyawa yana buɗe bawul a saman inji, hanyar man ta toshe. Kashe ta, ka shafa ƙarfen da yatsa. In ka ji zane, ya cinye.

Laouali: Tawa rariyar famfon mai ce, cikin karter, wato kaskon mai na ƙasan inji. Dauɗa baƙa ƙirin kamar kwalta.

Sani: Na buɗe, Malam. Can baya a bushe yake, ga zane.

Malam Issa: To, wanke hanyar mai kafin ka sa wani arbarakam, kar shi ma ya cinye.