Yaya ake bambanta cutar mantuwa da ruɗewar da ke zuwa farat ɗaya?

Mai_Jinya:
Assalamu alaikum. Ina neman haske daga waɗanda suka san harkar. Tsoho yana zaune ƙalau, sai 'yar mantuwar da aka saba gani, kwatsam cikin kwana biyu ya daina gane na kusa da shi, dare ya yi ta sambatu, rana kuma sai barci. Cutar mantuwa ce ta yi tsanani ko wani abu ne daban? Kuma ta yaya mai jinya za ta gane idan damuwa ce ke cin sa?

Nas_Ɗakin_Tsofaffi:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tambayar farko ita ce: yaushe abin ya fara? Cutar mantuwa ba ta zuwa cikin kwana biyu, a hankali take tafiya, watanni har shekaru. Abin da kika kwatanta ya fi kama da ruɗewar da likitoci ke kira diliriyam, kuma ita ba a kwana da ita a gida. A kai shi asibiti yau.

Alamarta ita ce hankali ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma abin yana tashi yana sauka. Da safe ya gane ki, da yamma ya tambaye ki wace ce ke. Ki gwada shi: ya lissafa kwanakin mako ta baya, daga Asabar ya dawo Lahadi. Mai mantuwa a matakin farko yakan iya, ko da daƙyar. Mai ruɗewa kuwa sai ya kama ya saki, idonsa ya tafi wani wuri.

Kusan kullum akwai dalili a jiki: ƙwayoyin cuta a mafitsara, nimoniya (ciwon huhu), ƙarancin ruwa, kwana uku ko huɗu ba bayan gida, fitsari ya taru ya ƙi fita, ko ciwon da ya kasa faɗa. Idan mai ciwon suga ne, a auna nan take. Ƙasa da 4 a ma'aunin mmol/L, ko ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL, a ba shi abu mai zaƙi muddin yana iya haɗiya. Idan baki ya karkace ko hannu ɗaya ya mutu, alamar shanyewar ɓarin jiki ce, kada a tsaya auna komai.

Abin da ya fi damu na shi ne mai shiru. Mai ihu da fizge-fizge kowa zai ruga da shi. Wanda ya lafe yana ta gyangyaɗi, sai a ce ai hutawa yake yi, alhali tasa ta fi haɗari. Kuma tsoho yakan ɗauki cuta mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba.

Malam_Famasi:
Ƙari a kan bayanin Malama Nas: ku zuba duk magungunansa a jaka ɗaya ku tafi da su, har waɗanda aka saya ba da takardar likita ba. Diazepam, tramadol, da magungunan mura masu sa barci irin su chlorpheniramine suna cikin masu gigita tsofaffi, saboda ƙoda da hanta sun rage saurin fitar da magani. Sai dai wanda ya daɗe yana shan diazepam ba a yanke masa lokaci guda, yankewar ma tana kawo ruɗewa, har da jijjiga.

Likita_A:
Kan damuwa, Malama mai jinya, ki lura da yadda yake amsa tambaya. Mai tsananin damuwa yakan ce "ban sani ba" ya kau da kai, kuma shi da kansa ke kukan ƙwaƙwalwarsa ta lalace. Mai cutar mantuwa yakan rufe giɓin da wasa, ko ya juya ya dubi 'yarsa ta amsa masa. Idan baƙin ciki, ƙin abinci da farkawa tsakar dare suka kai mako biyu, a sa likita ya duba. Idan ya ambaci gara ya mutu, kada a ɗauka maganar tsufa ce.

Kada kuma a yi saurin cewa gigin tsufa ne. Ƙarancin bitamin B12 da raunin tayirod (wata halitta a gaban wuya) suna kwaikwayon mantuwa, gwajin jini yana nuna su, kuma suna da magani. Ita kanta cutar mantuwa iri-iri ce. Alzheimer ce ke da kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya. Akwai ta toshewar jijiyoyin jini, mai sauka mataki-mataki. Akwai ta Lewy, mai zuwa da gane-gane da taurin jiki, wadda maganin kwantar da hankali na haloperidol kan yi wa mai ita mummunar illa. Shi ya sa ba na son a ba tsoho maganin kwantar da hankali kafin a san abin da ke damun sa.

Mai cutar mantuwa shi ne ma ya fi saurin kamuwa da ruɗewa, don haka biyun na iya haɗuwa a mutum ɗaya.

Nas_Ɗakin_Tsofaffi:
Bayan an sallame shi, ruɗewar kan ɗauki makonni kafin ta washe. A sa masa tabarau da na'urar ji idan yana da su. A buɗe labule da rana, a kunna fitila kafin magariba, domin inuwar riga a jikin ƙofa kan zame masa mutum. Ruwa kofi shida zuwa takwas a yini, sai idan likitan zuciya ko na ƙoda ya taƙaita. A kai shi banɗaki duk awa biyu zuwa uku. Idan ya ce zai tafi wurin mahaifiyarsa da ta daɗe da rasuwa, kada ki ce masa ta rasu, sabon makoki zai yi kowane lokaci. Ki zauna gabansa, ki kama hannunsa, ki ce, "Baba, ba ni labarinta." Allah ya ba shi lafiya.