Umma za ta dawo gida bayan dashen ɓargo, yaya za mu yi da 'yan dubiya?

Yayar Gida: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa irin wannan jinya da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu.

Bara aka gano mahaifiyarmu tana da sankarar jini. Bayan doguwar jinya likitoci suka ce sai an yi mata dashen ɓargo. Aka haɗa abin da ya sawwaƙa, har fili aka sayar, aka kai ta Indiya. Ƙaninta da suke uwa ɗaya uba ɗaya, Kawunmu, shi ne nasa ya dace da nata. Alhamdulillah dashen ya kama, ta kusa cika kwana 100 da suka ce sai ta yi a kusa da asibiti, kuma in gwajin ƙarshe ya yi kyau cikin watan nan za su dawo.

Ƙanwata da ke jinyarta ta turo mini takardar dokokin da aka ba su, tun da na karanta barcina ya ragu. Babban gida ne namu a cikin birnin Kano. Ga abokiyar zamanta da yaranta, ga jikoki, ga tumakin Baba da tattabarun samari a bayan gida, ga hunturu ya kama. Umma kuwa mace ce ta jama'a, ba suna ba biki ba ta'aziyyar da ba a ganinta. Tun yanzu Gwaggo ta fara maganar walima ranar da za su sauka. Da na ce likita ya hana taro, cewa ta yi boko ne ya yi mini yawa, zumunta a ƙafa take, wa ya taɓa jin an hana dubiya. Ita ma Umma a waya ba abin da take ambato sai fura da nono. Ta ina zan fara?

Nas daga Shika: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara mata lafiya. Ki fara da fahimtar da mutanen gida abin da aka yi mata, don yawancinsu gani suke tiyata ce, ciwo ya warke shi ke nan. Kafin dashe an kashe ɓargonta da magani mai ƙarfi, garkuwar jikinta ta tafi tare da shi. Wadda take da ita yanzu sabuwa ce, kamar ta jaririya, kuma da gangan ake danne ta da magani don kada ƙwayoyin Kawu su far wa jikinta. Wanda aka dasa masa ɓargon wani yakan ɗauki shekara 1 zuwa 2 kafin garkuwarsa ta dawo daidai. Murar da za ta yi wa Gwaggo kwana uku ta wuce, ita tana iya kwantar da ita a asibiti.

Ki sayi ma'aunin zafin jiki tun kafin su iso. Da zarar ya nuna digiri 38, ko ta fara rawar ɗari, asibiti kai tsaye ko da ƙarfe 2 na dare ne. Kada a ce bari a ba ta farasitamol a gani zuwa safe, yana ɓoye zazzaɓin ne kawai, kuma kada ɗan kemis ya ce maleriya ce ya yi mata allura. Ku riƙa duba tafin hannunta da tafin ƙafa: jan ƙuraje, ƙaiƙayi, gudawa mai ruwa, ido ya yi ruwan ɗorawa, bushewar baki ko ido, duk alamu ne cewa sabon ɓargon ya fara faɗa da jikinta, kuma in an kama shi da wuri yana jin magani.

Abin da mutanenmu ke sakaci da shi: su dawo ba su da likita a gida. Ku je sashen cututtukan jini na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da takardunta yanzu, a buɗe mata kati, likitan can da na nan su san juna.

Maman 'Yan Biyu: Ni maigidana aka yi wa a Masar, kuma wallahi 'yan dubiya sun fi maganin wuya. Kada ki yarda maganar ta fito daga bakinki, ke 'ya ce, duk abin da kika faɗa rashin kunya za a kira shi. Ki zauna da Baba ki karanta masa takardar da Hausa, in ya yiwu a haɗa shi da likitan a waya. Shi zai faɗa wa ƙanwarsa, shi zai sanar a masallaci bayan sallar asuba cewa an gode, ana neman addu'a, amma likita ya ɗaga dubiya. Da mutane suka ji daga bakin surukina, ba wanda ya ƙara cewa uffan.

Mu mun shimfiɗa tabarma a zaure, ƙanin maigida yana zaune yana karɓar gaisuwa, a kawo ruwa, a yi addu'a, ya rubuta sunan duk wanda ya zo. Da yamma a karanta wa mara lafiya sunayen, wanda yake so ya kira shi a waya. Kin ga an yi zumunci, ba wanda ya koma yana cewa an kore shi. 'Yan kaɗan da dole su shiga, su wanke hannu da sabulu, su sa takunkumi, su zauna daga bakin ƙofa, ba musabaha ba runguma. Mai tari ko mura ko da uwarsa ce, haƙuri.

Ita Gwaggo ku ba ta aiki. A ce walimar tana nan, ita ce uwar taro, amma sai likita ya ba da izini. Ranar saukar a dafa abinci a raba sadaka a ƙofar gida.

Ɗan Fagge: Allah ya ba ta lafiya. Amma ni gani nake kuna tsananta abin. Cuta da lafiya duk na Allah ne. A kulle tsohuwa a ɗaki ba ta ganin kowa, kaɗaicin ma ai ciwo ne.

Malamin Islamiyya: Ɗan Fagge, maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, amma ta farkon tana buƙatar gyara. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su cikin masu lafiya, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Ana dubiya ne don amfanin mara lafiya. In zuwanka zai cutar da shi, addu'arka daga gida ta fi.

'Yar uwa, za a kawo muku rubutu da ruwan tofi, da kyakkyawar niyya. Ku karɓa ku yi godiya, amma ruwan da wani ya tofa a ciki bai dace da ita ba yanzu. Ta karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ta tofa a hannunta ta shafe jikinta, wannan ya tabbata daga Nana A'isha. Batun azumi kuma in ya zo, mara lafiya Allah ya yi masa rangwame a Suratul Baƙara. Kada kunyar jikoki ta sa ta ɗauka ba da yardar likita ba.

Nas daga Shika: Malam ya taɓo wurin. Maganin danne garkuwa, irin su tacrolimus da cyclosporine, bayan kowace awa 12 ake shan su, kuma suna wahalar da ƙoda in jiki ba ruwa. Haka nan jiƙe-jiƙe da sassaƙe da garin magani na gargajiya suna iya ɗaga ƙarfin maganin a jini ko su karya shi, ba a sani ba sai hanta ko ƙoda ta nuna. Komai ƙanƙantarsa a tambayi likita. Ranar gwajin ƙarfin maganin, a ɗebi jinin kafin ta sha na safe.

Ɗan Fagge, ba kulle ta za a yi ba. Ta fito tsakar gida da safe bayan an yayyafa ruwa ƙura ta kwanta, ta taka kaɗan kullum, amma ta guji zama cikin rana tsaka, don rana na tayar da ƙurajen nan.

Hajiyar Maraɗi: Fura da nono kuwa ba sai an hana ta gaba ɗaya ba, na talla ne matsalar, don nonon ba lallai dafaffe ba ne kuma ba a san ruwan da aka dama da shi ba. Ku tambayi likita, in ya yarda ku kirɓa furarku a gida, a dafa ta sosai, a dama da madarar da aka tafasa, ta sha nan take. Tsire, kilishi, zoɓo da kunun zaƙi na kan hanya, latas, ɗanyen kwaɗo, ɗanyar zuma, duk a ajiye. Tuwo da miya da zafinsu ba laifi. Wanda ya kwana, ɗumame, a bar wa yara. Ruwan sha a tafasa, har wanda za ta kurkure baki da shi a alwala. Kofinta da cokalinta daban. Za ki ga tana cewa abinci ba ɗanɗano, ba iya shege ba ne, maganin ne. A riƙa ba ta kaɗan-kaɗan sau da yawa.

Likitan Yara: Bari in ƙara abin da takardar can ba lallai ta yi la'akari da shi ba. Ɗigon rigakafin shan inna da ake bi gida-gida ana yi wa yara, ƙwayar mai rai ce da aka raunana, tana fita a bayan gidan yaro har mako 4 zuwa 6. Ba cewa nake a hana yara rigakafi ba, rigakafinsu ma kariya ce gare ta. Ku gaya wa ma'aikatan akwai mai dashen ɓargo a gidan, ku nemi a yi wa yaran rigakafin na allura a asibiti. Wanda aka riga aka ɗiga masa, kada Umma ta yi masa tsarki ko su haɗa bayi. Yaron da ya fito da ƙyanda ko ƙarambau, ko a makarantarsu aka samu, a nisanta shi da ita a kira likita ranar.

Ita kanta za a sake yi mata rigakafi daga farko, galibi daga wata 6 zuwa 12, masu rai kuwa irin na ƙyanda da shawara sai bayan shekara 2. Gidan sauro kullum. Tattabarun a kai su wani gida, kashinsu in ya bushe ya bi iska yana ɗauke da cutar da ke kama huhu. Tumaki a matsar, turaren wuta a dakata, in ana gini ko fasa bango a kusa a rufe tagarta. In ta buƙaci ƙarin jini a gaya musu an yi mata dashe, akwai yadda ake gyara jinin, kuma rukunin jininta na iya komawa na Kawu.

Yayar Gida: Allah ya saka muku da alheri. Na zauna da Baba daren jiya, ya yi shiru ya saurara, ya ce shi zai je gidan Gwaggo da kansa. Samari sun ce tattabaru za su koma gidan abokinsu. Za mu gyara mata ɗakin da ke da bayi a ciki. Ƙanwata ta ce Umma takan yi kuka da dare, tana cewa ta cinye dukiyar 'ya'yanta. Wannan ban san me zan ce mata ba.

Maman 'Yan Biyu: Maigidana ma ya yi, har ya daina magana. Ku daina zancen kuɗi a gabanta, ko a waya. Ku riƙa kawo mata shawarar gida kamar da, wa za a ba me, me za a dafa, ta ji har yanzu ita ce uwar gida. In kukan ya daɗe ko ta fara ƙin abinci da magani, a gaya wa likita, wasu magungunan ma na jawo haka. Sannan ƙanwarki in ta sauka ku sallame ta ta je ta yi barci, ku raba kwana tsakaninku. Kuma kafin su taso, su sayo maganin wata 3 ko fiye a can tare da takardar likita, don ba kowane ake samu a nan ba, wanda aka samu ma sai an yi hattara da jabu.