Neman kalma: "fan" na mawaƙa, kafin gobe da safe

Mai shirin rediyo: Assalamu alaikum malamai. Gobe zan naɗi shiri kan yadda ƙungiyoyin mawaƙa ke hulɗa da "fans" ɗinsu, kalmar kuma ta tsaya min a wuya. Na rubuta mabiya, sai na ga ta ɓata min zancen. A 1997 masu sauraron Marillion, wata ƙungiyar mawaƙa ta Ingila, sun tara kusan dala 60,000 daga aljihunsu don ta je Amurka ta yi wasa. Wanda ya latsa maɓalli a Instagram ya wuce, shi ma mabiyi ne. Ya zan raba su?

Tsohon tafinta: Wa'alaikis salam Hajiya. Masoya mana. Ki bar mabiya ga masu latsawa.

Ɗaliba: Malam, masoya a kunnen matasa saurayi da budurwa ne. Magoya baya fa?

Tsohon tafinta: Wannan ta ƙwallo ce da siyasa. Goyon baya sai da abokin hamayya.

Mai nazarin waƙa: Ni na daɗe ina cewa 'yan amshi. Mawaƙi ya bayar, su karɓa. Dubi ARMY, wato masu sauraron BTS, ƙungiyar mawaƙan Koriya ta Kudu, ai har baitocin da za su amsa a wurin wasa suke haddacewa tun daga gida.

Ɗaliba: Amma ɗan amshi cikin ƙungiya yake, a bayan mawaƙi yake tsayawa. Mai sauraro zai ɗauka su ma aikinsu ne.

Mai nazarin waƙa: Ma'ana ai faɗaɗa ta ake yi. Ko sai Bature ya faɗaɗa tasa mu ara?

Wani malami: Abin da ke ci min rai ke nan. Kullum a rediyo "fans, fans", kamar Hausa ta talauce. Ga muhibbai nan.

Tsohon tafinta: Allah ya gafarta malam, muhibbai ma aro ce, daga Larabci. Kuma ta shehunnai ce, ba za a kai ta gidan kiɗa ba.

Wani malami: Aron da ya shekara ɗaruruwa ya zama ɗan gida.

Mai shirin rediyo: Don Allah mu dawo. Bambancin ne zuciyar shirin. Ƙungiyar da ta san mutanenta ɗaya ɗaya tana iya kiransu ko yaushe. A Facebook kuwa kamfani ke zaɓar wanda zai ga saƙonki, dandalin kuma ba naki ba ne. A 2019 dandalin MySpace ya sanar ya rasa waƙoƙin da aka ɗora cikin shekaru fiye da goma.

Ɗaliba: To mabiya, sai masoya, sai 'yan ga-ni-kashe-ni ga irin na Marillion.

Tsohon tafinta: Ta ukun ta yi tsawo, amma na yarda.

Mai nazarin waƙa: Ku yi yadda kuke so. Ni a ajina 'yan amshi zan ci gaba da cewa.

Mai shirin rediyo: Na gode. "Fandom", wato jama'ar "fans" gaba ɗaya, ita ce ta rage, zan kauce mata gobe.